Jakar Sanduna Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka sallamo maigidana daga asibiti, kuma yau aka kawo min sabon aiki har gida, kamar wanda nake da shi bai ishe ni ba.

Likita cewa ya yi ya riƙa tafiya a ƙasa, rabin awa kullum, a hankali. Iyakar abin da aka ce ke nan. Layinmu ma ya isa, daga ƙofar gida zuwa shagon mai wanki a dawo. Amma mutumin nawa ya ce shi ba zai riƙa yawo a layi maƙwabta suna leƙensa ta taga suna yi masa sannu ba. Sai ga Dogo, abokinsa tun suna makaranta, ya zo dubiya ɗazu da wasu sandunan golf guda bakwai ɗaure da igiyar shanya. Wai nasa ne na da, ya bar masa kyauta. Wai a filin golf ba mai yi maka sannu, kowa ta ƙwallonsa yake yi, kuma kafin ka ankara ka yi tafiyar awa biyu.

Na ga fuskar maigida ta washe, abin da ban gani ba tun ranar da ya faɗi a banɗaki. Saboda haka na ja bakina na kawo musu shayi. Da Dogo zai tafi ya ce saura jaka kawai, ita kuwa ba wani abu ba ce, a shiga shago a ɗauko.

Sandunan suna jingine a bayan ƙofar falo. Sau biyu na yi tuntuɓe da su.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na dawo daga makaranta da takardun jarrabawar lissafi na aji biyu, guda tamanin da uku, na zauna zan fara maki. Ko jan biro ban buɗe ba ya jawo kujera ya ce, “Malama, ki ba ni minti biyar.” Awa ɗaya da kwata muka yi.

Ashe jakar golf iri-iri ce. Tun safe yake kallon su a waya, har ya ja layuka a takarda ya jera su. Akwai wata siririya da ba ta ɗaukar sanda fiye da biyar ko shida. Akwai mai ƙafafu biyu da ake goyawa a baya, in ka ajiye ta sai ƙafafun su fito ta tsaya da kanta. Akwai wadda ake ɗorawa a kan ɗan keke mai taya uku a riƙa turawa. Sannan akwai babba, ta ƙwararru, mai aljihu goma, bakinta a rabe gida goma sha huɗu, kowace sanda da ɗakinta. Da ya zo kan wannan har muryarsa ta canza.

Na ce to shi da yake da sanda bakwai, kuma bai taɓa buga ƙwallon ba ko sau ɗaya, wacce ta dace da shi? Ya ce ba a gaggawa a irin wannan. Shekara talatin da biyar yana aikin safiyo, bai taɓa kafa dutsen iyaka ba sai ya auna sau uku.

Takarda tara na yi wa maki.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yau ma jaka. Tun kafin in sa ruwa a wuta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mun je shagon kayan golf. Ni na tuƙa, tunda har yanzu ba a ba shi izinin tuƙi ba, kuma duk hanya yana gaya min inda zan taka birki.

Shagon yana hawa na biyu, sama da wani kantin takalma. Jakunkuna a jere jikin bango kamar ’yan makaranta a wajen taro. Mai shagon dattijo ne mai furfura, ba ya son yawan magana. Tambaya uku ya yi: sanda nawa gare ka, da ƙafa za ka zaga filin ko a mota, kuma wa zai ɗauki jakar? Maigida ya ce bakwai, da ƙafa, shi da kansa. Mai shago ya sauko da mai ƙafafu biyun nan, ya ce ba ta kai kilo biyu da rabi ba, maratayinta biyu ne, nauyin yana rabuwa a kafaɗu. Ya ce mai koyo abin da ya fi buƙata shi ne jakar da zai manta yana ɗauke da ita. In kuma mutum yana son ya huta wa bayansa, sai ya haɗa da keken turawa.

Maigida ya ce shi ba mai jego ba ne da zai riƙa tura keken jariri. Ya nuna babbar, baƙa mai ratsin ja, ya ce a sauko masa da ita.

Aka sauko. Ya sa hannun hagu zai ɗaga. Ta taso kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, sai yatsunsa suka saki, ta faɗi ta buge jakar da ke kusa, ita ma ta buge ta gaba. Mai shago, Allah ya saka masa, ya juya baya ya kama gyaran wasu huluna da ba abin da ya same su. Ni kuma na tsura wa zif ɗin jakata ido.

Maigida ya ce jan ya yi yawa, ba ya son kalar. Muka sauko hannu rabbana. A mota bai gaya min inda zan taka birki ba ko sau ɗaya, har gida.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau ne ya kamata mu koma asibiti a yi gwajin nan da likita ya ce kada a wuce mako uku ba a yi ba. Na nemi izini a makaranta, na ba wata malama ajina, na dawo gida ƙarfe tara. Na tarar da shi da singileti yana auna bayan mota da tef, wai yana son ya san ko babbar jakar za ta shiga but. Ya ce ai ya kira su jiya ya ɗaga ranar. Zuwa yaushe? Wai za su kira.

Na shiga kicin na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Talata, ƙarfe shida na yamma

’Yarmu ta kira daga garin da take aiki. Ta tambayi gwajin, na ce an ɗaga. Ta ce wa ya ɗaga? Na ce ga babanki. Minti ashirin yana yi mata bayanin bambancin maratayi ɗaya da maratayi biyu. Da ya miƙo min wayar ta ce, “Mama, ki saya masa ko wacce ce mana, a huta.” Daga nesa komai sauƙi gare shi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe uku na rana

Sikelin banɗaki ya koma falo. An auna sandunan ɗaya bayan ɗaya, an auna laima, an auna gorar ruwa cike da kuma rabi. An rubuta.

Da na dawo yau ban same shi a ɗaki ba. Na zaga baya, sai ga shi zaune a kan dakalin famfo, gumi ya jiƙa masa riga, kusa da shi ga tsohuwar jakar tafiyarmu cike da littattafaina na koyarwa. Wai ya cika ta daidai nauyin babbar jakar da sanduna, yana gwada zagaya gida da ita. Na ce sau nawa ka zaga? Ya ce yana kan lissafi. Leɓɓansa sun yi fari. Na kawo ruwa, na tsaya a kansa har ya shanye, na kwashe littattafaina. Ɗaya ma bangonsa ya yage.

Mutumin da ko kofin shayi da hannun dama yake ɗauka yanzu. Yana tsammanin ban lura ba.

Juma’a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun yi faɗa. Zan rubuta yadda aka yi don kada gobe in gyara labarin in ba kaina gaskiya.

Na tambaye shi ko asibiti sun kira. Ya ce a’a. Na ce to ni zan kira su. Ya ce kada in sake, shi ba yaro ba ne. Daga nan ya koma kan jaka, ya ce ya yanke shawara babbar zai saya. Na ce mai shago ya gaya maka ba ta mai koyo ba ce, masu irin ta ma ɗaukar musu ake yi. Ya ce shi ya hau duwatsu da na’urar awo a kafaɗa, ya ratsa fadama da ita ruwa har ƙugu, ba wanda ya taɓa ɗaukar masa kaya, ba kuma yanzu za a fara ba.

Sai na ce, “Ai kai kanka mutum uku ne suka ɗauke ka zuwa mota.”

Magana zarar bunu. Ya dube ni, ya naɗe tef ɗinsa a hankali, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Ni ce na yi ta buga ƙofofin maƙwabta ran nan ba ko takalmi, ni na san abin da na gani a ƙasan banɗakin nan. Amma bai kamata in faɗa ba. Kuma har yanzu haushinsa nake ji. Duka biyun.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ina kwana, lafiya lau. Ga maganinka, na gode. Iyakar hirarmu ke nan tun shekaranjiya.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta iso. Ta waya ya saya daga shagon nan, aka kawo ina makaranta. Baƙa mai ratsin ja, kalar da ya ce ba ya so. Tana tsaye a tsakiyar falo kamar randa, ta tare talabijin. Sanduna bakwai a ciki sai karkaɗawa suke, gida bakwai babu kowa. Ya cika aljihunan da abin da ya samu: tawul, tocila, laima, safa, har da man shafawa na ciwon baya. Aljihu uku sun rage, na gan shi yana zagaya gida yana neman abin da zai sa.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ranar Alhamis Dogo zai zo su je fili. Na ce Allah ya kai mu. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ina tsakiyar darasi, na rubuta rabin lissafi a allo, wayata ta yi ƙara a jaka. Tun ranar da ya faɗi ba na kashe ta. Dogo ne. Abin da ya fara cewa shi ne, “Ba abin da ya faru, amma ki zo.” Duk wanda ya ƙirƙiro wannan maganar Allah ya shirye shi. Ban san yadda na fita daga ajin ba, alli ma a hannuna na same shi a mota.

Filin yana bayan gari, ciyawa shimfiɗe har iyakar gani. Daga inda ake ajiye motoci zuwa inda ake fara bugu bai fi taku ɗari biyu ba. A tsakanin nan na same su. Maigida yana zaune a gindin wata bishiya, ya jingina, jakar tana kwance a gefensa, tocila da safa sun zubo. Dogo yana tsaye yana yi masa fifita da hula. Wai ma’aikatan wurin sun zo sau biyu za su ɗaukar masa, ya kore su. Dogo ma ya miƙa hannu, ya ce in ya taɓa ta abotarsu ta ƙare. Minti arba’in suna nan.

Na durƙusa na taɓa wuyansa, na ƙirga numfashinsa yadda nas ta koya min. Da sauƙi. Ya ce min ciyawar ce da santsi, takalminsa bai dace ba.

Na tsince safa da tocila, na kama jakar nan ta wuya na ja ta a ƙasa, ƙiiii, har mota, mutane da fararen huluna suna kallona. Ni da zanen aiki da alli a hannun riga. Ba ta shiga but ba, duk awon da aka yi. A kujerar baya na cusa ta. Ni bai ce abotarmu ta ƙare ba. Ya taso a hankali ya biyo ni, Dogo yana riƙe da gwiwar hannunsa, kuma ya bar shi ya riƙe.

Ko ƙwallo ɗaya ba a buga ba.

Juma’a, 21 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Dogo ya zo ba da haƙuri. Na tare shi a ƙofa na wanke shi tas, na ce shi ya kawo mana wannan fitina da igiyar shanyarsa. Ya sunkuyar da kai yana ta cewa haka ne. Sannan ya shiga wajen abokinsa, ni kuma ina kicin ina jin su, don ban rufe ƙofa ba, kuma da gangan.

Ashe Dogo shekara shida ke nan da keke yake tura tasa jakar, tun da gwiwarsa ta fara ciwo. Jiya ya bar keken a mota ne don ya ga maigida ya saɓo tasa, ya ji kunya. Maigida ya ce me ya sa bai taɓa faɗa ba? Dogo ya ce ai ba a tambaye shi ba. Tsofaffi biyu, kowa yana ɓoye wa ɗan’uwansa, ni ce a tsakiya da barin aji.

Na ji sun yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ina ɗaura agogo ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya ce, “Malama, gobe ƙarfe tara. Na kira asibiti.” Na ce to. Ya ce in ba zan samu izini ba Dogo zai kai shi. Na ce Dogo ya kai ka wani wuri sau ɗaya, ya isa.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An yi gwajin. Awa uku muna kan benci a wani dogon baranda mai warin magani, sannan aka kira mu. Likita ya juyo mana da allon kwamfuta ya yi ta nuni da biro. Ya yi magana mai tsawo. Na riƙe abu biyu: ranar huɗu ga watan gobe za a kwantar da shi su yi abin da za su yi, kuma da an ƙara wata guda ana jan ƙafa da maganar ba haka za ta kasance ba. Sauran ba zan rubuta ba. Tafiya a hankali an ce ya ci gaba. Ɗaukar kaya, ko bokitin wanka, an hana.

A hanyar dawowa da muka zo daidai kantin takalman nan ya ce in tsaya. Na ce yau? Ya ce jakar ai tana kujerar baya tun ranar Alhamis. Gaskiya ne, na ƙi sauke ta, da ita nake zuwa makaranta.

Mai shago ya sauko da kansa ya hau da ita. Ya duba gindinta inda na ja ta a ƙasa, ya dube ni. Ya yarda zai karɓa ya canza mana. Ya sake sauko da mai sauƙin nan ta ranar farko, shuɗiya, ya kawo keke mai taya uku ya ɗora ta ya ɗaure. Ya ce wa maigida ya cire sanda biyu ma ya ajiye a gida, biyar sun ishi mai koyo shekara guda.

Maigida ya kama hannun keken ya tura shi zuwa ƙarshen shagon ya dawo. Sannan ya ce, “Ana iya tura shi da hannu ɗaya? Na hagun nan ba ya riƙe abu sosai.”

Tun da abin ya faru, yau ne ya fara faɗa da bakinsa, kuma ba ni ya gaya wa ba, mai shago ya gaya wa. Dattijon ya ce yawancin mutane da hannu ɗaya suke turawa, ya nuna masa inda birkin yake. Ni na fita baranda na tsaya ina kallon takalman ƙasa har suka gama.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na gaya wa ’yarmu ranar. Za ta zo ran biyu ga wata. Ta yi kuka, na ce ta bari, ni ba ni da lokacinsa, ina da sakamakon aji biyu da zan haɗa.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na bi su fili. Na ce ba zan zauna a gida ina jiran wayar Dogo ba. Aka ba ni kati da ɗan fensir aka ce ni ce mai rubuta bugu, tunda ni ce malamar lissafi.

Wasan nan ban ga kansa ba, wai a yi ta bugun ƙwallo har ta faɗa rami, a wuce rami na gaba. Maigida ya kai wa ƙwallo duka sau uku yana samun iska, na huɗu ya tono ciyawa da ƙasa, ƙwallon ta gangara taku goma ta tsaya. Ya ce ukun farko gwaji ne, kada in rubuta. Na rubuta. A rami na biyu ƙwallonsa ta shiga cikin ciyayi, na gan shi da idona ya turo ta da ƙafa, Dogo kuma ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye. Ramin farko bugu goma sha huɗu, shi ya ce tara. Mun yi musu har wasu da ke bayanmu suka nemi mu ba su hanya.

Amma ya yi tafiyar. Keken yana gabansa, hannun dama a kai, yana taka ciyawa a hankali, ba haki. Rami uku muka yi ya ce ya isa, da kansa, ba wanda ya ce masa. Muka zauna a benci ya sha ruwa.

Da za mu fita ya tsaya wajen matar da ke rubuta sunayen masu zuwa wasa. Ya tambaye ta ko akwai wuri ranar Asabar, ashirin ga watan gobe, da safe. Na yi lissafi a zuciyata, kwana goma sha shida bayan ranar huɗu. Na buɗe baki zan ce ya bari mu ga yadda za a yi tukuna, sai na rufe. Matar ta ce mutum nawa? Ya ce uku, amma ɗaya ba ta wasa, sai dai ta ƙara wa mutane bugu.

Matar ta miƙo fensir. Na ce ta ba ni biro, na rubuta mu da kaina.